Gem Ɗin Harbi: Wahalar Da Matasan Birnin Kudu Da Gwaram Ke Saye Da Datarsu

Akwai wani riƙon waya da kana ganinsa ka san mai ita ba hira yake yi a WhatsApp ba. An gicciye wayar, manyan yatsu biyu a ƙasa, 'yan ali biyu a lanƙwashe a sama kamar ƙafafun kaguwa, iyafis a kunne. Ka yi masa sallama, ba zai amsa ba sai an harbe shi. A shagunan caji da ke bakin titin Kano zuwa Maiduguri a cikin Birnin Kudu, da dakalan majalisa a Gwaram inda aka san sabis ya fi zama, wannan riƙon ya zama ruwan dare daga bayan isha'i har dare ya raba. Mutum huɗu ko biyar a jere, kowa da tasa wayar, amma a fili ɗaya suke, suna tsare wa juna baya.

Abin da suke bugawa gem ɗin harbi ne, musamman wanda ake kira FPS, inda kake kallon filin daga da idon sojan da kake sarrafawa. Ba ka ganin jikinka, sai hannunka da bakin bindigarka. Babban misali a waya shi ne Call of Duty: Mobile, wanda ya fito ranar 1 ga Oktoba 2019, aka kuma sauke shi sau miliyan 100 a makonsa na farko. Akwai Blood Strike na kamfanin NetEase, da aka ƙera shi don ƙananan wayoyi su iya ɗauka. Free Fire na Garena, wanda masu ƙaramin RAM suka fi runguma, a ƙa'ida ba FPS ba ne tunda daga baya kake hango ɗan wasanka, PUBG Mobile kuma yana ba ka zaɓin duka biyun. Amma a majalisa ba a wannan rarrabewar. Duk gem ɗin harbi ne.

Wanda bai taɓa bugawa ba tambaya ɗaya yake yi: me zai sa mutum ya sa kuɗinsa ya sayi data don a yi ta kashe shi? Sabon shiga a wasan matsayi yana iya mutuwa sau goma sha biyar cikin minti goma, ya tashi ransa a ɓace, ya kuma danna ya sake shiga. Amsata a matsayina na mai rubuta manhaja ita ce, wahalar nan ita ce hajar da ake sayarwa. Sauran duk kwalliya ce.

Daga Doom zuwa wayar Tecno

Wannan salon ya girmi yawancin masu karanta wannan shafin. A 1992 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna id Software ya fitar da Wolfenstein 3D, a Disamba 1993 kuma ya fitar da Doom. Kwamfuta mai RAM megabait 4 tana buga Doom, wato girman hoto ɗaya da kyamarar wayarka ke ɗauka yau. Amma John Carmack da John Romero da abokan aikinsu sun gano wani abu da har yanzu ake cin abinci da shi: in ka tsaya, ka mutu. Dole ka yi ta motsi, kana kauce wa wuta, kana lissafin harsashin da ya rage maka, kana zaɓar wanda za ka fara harbi, duk a lokaci guda. Quake ya biyo baya a 1996, Counter-Strike a 1999, Call of Duty na farko a 2003. Zane ya canza, bindigogi sun canza, amma zuciyar wasan tana nan yadda take: ka gani, ka yanke shawara, ka latsa, ka ga sakamako, duk a ƙasa da sakan ɗaya.

A wannan saurin sakamakon sirrin yake. Ka duba rayuwar matashi a kudancin Jigawa. Ya shuka gero da faɗuwar damina, sai ya jira wata uku kafin ya san ko ya ci riba. Ya rubuta JAMB, ya jira sakamako, ya jira a ba shi gurbi. Ya cike fom ɗin neman aiki a intanet, ba ko a ce masa an gani. Kusan komai jira ne, kuma sau da yawa in abin bai yiwu ba, ba wanda zai gaya maka dalili. A cikin gem kuwa, ka leƙa kwana ba tare da shiri ba, nan take za ka faɗi, gem ɗin ma ya maimaita maka hoton yadda aka kashe ka daga idon wanda ya harbe ka. Bayan 'yan sakanni ka dawo, ka gyara. Ba a tambayar ɗan gidan wa ne kai, ba kuma wanda zai yi maka hanya. Ɗan mai shayi yana iya yi wa ɗan shugaban ƙaramar hukuma harbin kai sau biyar a jere, kuma allon maki zai nuna wa kowa.

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, a littafinsa Flow na 1990, ya bayyana yanayin da mutum ke nutsewa cikin aiki har ya manta da lokaci da yunwa. Sharaɗinsa shi ne aikin ya yi daidai da iyakar ƙarfinka: in ya yi sauƙi ka gundura, in ya fi ƙarfinka ka karaya. Masu ƙera gem sun haddace wannan darasin. Shi ya sa ake haɗa ka da 'yan wasan da ba su fi ka da nisa ba, kana ƙara ƙwarewa ana ƙara maka masu zafi. Bari ma in tona wani asiri da zai ɓata wa wasu rai: waɗannan mutum ashirin da ka kashe a wasanka na farko, har ka ɗauki hoto ka sa a sitatus, yawancinsu ba mutane ba ne. Mutum-mutumi ne da kwamfuta ke sarrafawa, an zuba maka su don ka ɗanɗana zuma kafin a kai ka wajen masu harbi na gaske.

Sai kuma tarayya. Wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan daɗin. A langa akwai ruwa, akwai masu kare shi har ya kai ya sha, akwai masu tare hanya, kuma kuskuren mutum ɗaya yana kayar da rukuni duka. Haka wasan mutum biyar da biyar yake. Wani ya tsare ƙofa, wani ya hau bene da bindigar hangen nesa, wani ya zagaya ta baya. Ihun "yana bayanka!" da "ka taso ni!" da ake yi a shagon caji, ihun dandali ne da ya koma cikin waya. Bambancin kawai, yanzu abokin langarka yana iya kasancewa a Dutse yana karatu, ko a Legas yana acaɓa, amma kowane dare kuna tare.

Ba kuma banza ƙwaƙwalwa ke wannan aikin ba. A 2003 masu bincike biyu a Jami'ar Rochester, C. Shawn Green da Daphne Bavelier, sun wallafa a mujallar Nature cewa masu buga gem mai sauri sun fi waɗanda ba sa bugawa iya lura da abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma waɗanda aka horar da irin wannan gem na 'yan kwanaki sun ƙaru a wannan fannin. Wannan ba ya nufin gem zai ci maka WAEC. Ido ne da lura suke kaifi, ba lissafi ba.

Wahala ta biyu, wadda ba laifinka ba ce

Duk abin da na faɗa a sama ya dogara ne da abu ɗaya: cewa gem ɗin yana yi maka adalci, in ka faɗi hannunka ne ya gaza. A nan ne ɗan Birnin Kudu ko Gwaram yake da labarin da ɗan Landan ba shi da shi.

Ka duba kusurwar sikirin ɗinka, akwai wata lamba da ke ƙarewa da ms. Ita ce 'yan gem ke kira fing, wato tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya tashi daga wayarka ya je babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, ya dawo. Da milisakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mutane da yawa suna rikita shi da ƙarfin saukar da fayil, alhali ba abu ɗaya ba ne. Tirela tana ɗaukar buhu ɗari shida, amma ba ta riga babur isa Kano ba. Fim a YouTube tirela yake so. Gem babur yake so, saƙonninsa ƙanana ne, amma dole su isa yanzu-yanzu.

Ga lissafin. Haske a cikin wayar gilashi ta intanet yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Igiyar Glo-1 da ke ƙarƙashin teku tsakanin Legas da Ingila tsawonta kilomita 9,800 ne. Zuwa da dawowa, milisakan 98 ke nan. Ka ƙara nisan Jigawa zuwa Legas, sama da kilomita 1,000 kowane ɓangare, an haura milisakan 100 tun ba a lissafa tsayuwar da saƙon ke yi a eriyar garinku da na'urorin da ke kan hanya ba. Wannan ba rowar kamfanin waya ba ce, iyakar gudun haske ce. Mutum mai lafiyar ido yana ɗaukar kamar milisakan 200 zuwa 250 kafin yatsansa ya amsa abin da ya gani. To in sabar tana Turai, abokin karawarka yana da fing 20 kai kana da 130, ya riga ka da kusan rabin wannan lokacin kafin ma a fara maganar ƙwarewa. Shi ya sa 'yan gem a Najeriya suka daɗe suna kiran a kawo saba kusa, wasu kamfanonin kuma suka fara ajiye ta a Afirka. Wanda ke bugawa ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, ya san cewa wasansa a ƙarƙashin ruwa yake bi.

Ko da sabar tana Legas, saura zangon ƙarshe, daga eriya zuwa hannunka, kuma shi ne ya fi ba mu wuya. Lokacin da MTN ya fara 5G a 2022, manyan birane bakwai ya zaɓa, ciki har da Kano da Maiduguri. Titin da ya haɗa biranen biyu ta Birnin Kudu ya ratsa, amma a wannan yankin 4G ne abin dogaro, wani lungun ma sai 3G. Wanda ke cikin gari ba ɗaya yake da na ƙauyukan Sundimina ko Kantoga ba, haka na cikin Gwaram da wanda ke wajen Basirka ko Fagam. Duwatsun da Birnin Kudu ke alfahari da su ma ba sa barin sabis ya ratsa su. Da dare kuma, lokacin da kowa ya kunna TikTok, eriya ɗaya ce ake rububi.

Ka taɓa shiga bayan bango, ka tabbata ka ɓuya, amma ka faɗi? Kafin ka ce wani ya yi maguɗi, ga abin da ya faru. Wayarka ba ta jiran izinin saba kafin ta nuna maka ka motsa. Tana yin hasashe ne, daga baya sabar ta tabbatar ko ta gyara. John Carmack ne ya shahara da wannan dabara a QuakeWorld a 1996, don masu shiga intanet ta layin tarho mai jan ƙafa, wato mutane masu irin matsalarmu ta yau. Daga baya kamfanin Valve ya yaɗa wata dabarar: in wani ya harba, sabar tana mayar da agogo baya kaɗan ta duba inda kake a lokacin da shi ya gan ka. A wayarka ka shige, a tasa kana fili. Sabar ta ba shi gaskiya.

Sanin wannan yana canza yadda ya kamata ka buga. Mai babban fing da ya laɓe yana jiran wani ya leƙo, ya zaɓi abin da ya fi cutar da shi, domin mai leƙowa yana riga mai jira gani. Gara kai ka zama mai motsi. Kuma fing 90 da ke zaune wuri ɗaya ya fi wanda ke tsalle daga 40 zuwa 200, don hannu yana sabawa da jinkiri in dai bai canzawa. Kashe sabunta manhajoji na kai-tsaye, kada ka raba hotsfot da mai kallon bidiyo, ka nemi kusurwar gidan da lambar ta fi kwanciya ko da a kan katanga ne.

Wayar ma tana da nata jinkirin. A nan haruffan FPS suna da ma'ana ta biyu da ke rikita sababbi: yawan hotunan da sikirin ke zanawa a sakan ɗaya. In 30 ne, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 33. In 60 ne, ƙasa da 17. Yawancinmu Tecno da Infinix da itel muke riƙewa, kuma a zafin Afrilu, lokacin da Jigawa ke haura digiri 40, ƙwaƙwalwar waya tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa wasan farko yake tafiya sumul, na uku ya fara cijewa. Ka sauke kyan zane zuwa mafi ƙaranci, ka ɗaga yawan hotuna zuwa iyakar abin da wayar ta yarda. Ganyen bishiya mai kyau bai taɓa ci wa kowa wasa ba. Cire rigar wayar, kada ka buga tana jone a caji. Iyafis mai waya mai araha ma ya fi na Bluetooth mai tsada a nan, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti, takun ƙafar maƙiyi ya iso kunnenka bayan harsashinsa.

Inda kuɗi da barci ke zurarewa

Wasan kansa ba ya cin data sosai. Sabuntawa ce ke haɗiye gigabait, shi ya sa ake jiran garaɓasar data ta tsakar dare, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025. Amma babban ramin yana cikin shagon gem ɗin: CP a Call of Duty, UC a PUBG, dayamon a Free Fire. A Call of Duty: Mobile, bindiga mai walƙiya ba ta fi ta kyauta kisa ba, ado ne kawai, kuma juyin sa'ar da ake samunta yana ƙara tsada duk lokacin da ka juya, babban kayan kuma ya fi yawan fitowa a ƙarshe. A Free Fire kuwa wasu rigunan bindiga suna ƙara mata ƙarfi, wanda a ganina cin amanar abin da ya sa muke son wasan ne. Da zarar kuɗi ya sayi harbi, wa-ka-sani ya shigo fili. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a matsayin caca. Wanda ba zai shiga shagon caca ba don ya san hukuncinta, ya kamata ya tambayi kansa me ya raba ta da wannan juyin.

Iyaye kuma suna da tasu damuwar, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. A Arewar da ƙarar bindiga ba labarin fim ba ce, uwa ta ji ɗanta yana ihun ya kashe mutum bakwai, dole gabanta ya faɗi. Wannan muhawarar ta daɗe a duniya. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke danganta gem mai faɗa da aikata ta'asa a zahiri, duk da ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin rai irin na tsawa da ture-ture. Abin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtuka a 2019: mutum ya kasa sarrafa bugawarsa, ya fifita ta a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, har tsawon kamar shekara guda. Ba yawan awanni kaɗai ake dubawa ba, ana duba abin da ya zube a dalilinsu. Asuba ta wuce, aji ya wuce, an bar tsoho shi kaɗai a gona ko a shago. Wasan da ba ya wuce minti goma shi ya fi wuyar ajiyewa, don kullum "ɗaya kawai" ce ta rage.

Ɗaya ɓangaren allon

Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan salon shi ne yawan waɗanda suka gina shi ba tare da digiri a kansa ba. John Carmack zango biyu ya yi a jami'a ya bari. Counter-Strike ba kamfani ne ya fara shi ba. Matasa biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa gem ɗin Half-Life kwaskwarima suka saki kyauta, daga baya Valve ya ɗauke su. Brendan Greene, ɗan ƙasar Ayalan da ya kawo PUBG a 2017, mai ɗaukar hoto ne da zanen shafukan intanet, da gyaran gem ɗin wasu ya fara. A Disamba 1997 id Software ya saki lambobin Doom kowa ya karanta, suna nan a GitHub har gobe, da yaren C aka rubuta su.

Mai riƙon kaguwa ya riga ya san abubuwan da ake koyar da ɗaliban kwamfuta da kuɗi: ya san jinkirin hanyar sadarwa a jikinsa, ya san zafi yana rage gudun na'ura, ya san bambancin RAM da ma'ajiya. Injin ƙera gem na Godot kyauta ne, kuma yana da manhajar da ke aiki a wayar Android, ko da yake da ƙaramin kibod na waje zai fi daɗin aiki. Ka fara da akwati ɗaya da ke tafiya a fili, yana harba ƙwallo in an latsa. In ya yi aiki, ka ƙara layi biyu da za su jinkirta fitar ƙwallon da milisakan 150, ka miƙa wa wanda ya fi kowa harbi a majalisarku ba tare da ka gaya masa abin da ka canza ba. Ka ƙirga sakan nawa zai yi kafin ya ce sabis ne.